Littafin da Na Ƙona Bisa Kabari

Malam Isufu, gyara zama ka rubuta yadda na faɗa, kada ka ƙara kada ka rage. In ka ga ina kuka kada ka tsaya, na saba magana ina kuka. Labarin tafiyata ƙasar Senegal ne, shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Turawa, da abin da na je karɓowa, da abin da na dawo da shi.

Mu Azna ne a lokacin. Ƙauyenmu yana gindin tsauni, tsakanin Buza da Galma. Yanzu kowa salla yake yi, har ni. Amma a wancan zamani ba a sa iri a ƙasa sai maigidana ya je wurin wani baƙin dutse a bakin kwari, da baƙin bunsuru da ƙwaryar gumba, ya yanka, ya faɗi wasu kalmomi a hankali. Kalmomin nan uba ke sa wa ɗansa na fari a kunne. Ba a faɗarsu cikin gida, ba a faɗarsu gaban mace. Ɗan ne ke riƙe ƙwarya yana koyo.

Namu ɗan farin bai riƙe ba. Yana ƙarami aka zo neman yaran lakkwal, makarantar Nasara, mai gari ya ɓoye nasa ya nuna namu. Aka kai shi Madawa, daga can Yamai, daga can wata babbar makaranta a Senegal inda ake koyar da masu koyarwa. Sauran 'ya'yana mata ne. Sai ya zama ni ke riƙe ƙwaryar, na juya baya ga dutsen, kamar ba na nan. Bayana na juya, kunnena kuwa a buɗe yake. Shekara da shekaru ina ji har suka zauna mini.

Wata damina ya zo hutu, ya yi tsawo, da wando da takalmi da littafi mai shuɗin bango. Ya ce a makarantarsu ana karanta waƙoƙin Turawa da labaransu, kuma an ce kowa ya rubuto al'adar garinsu, wadda ta fi kyau a yi wasanta a gaban mutane. Ya roƙi ubansa. Maigida ya ce, "Aje alƙalamin ga ka ɗauki hauya. Ka yi damana guda tare da ni, in sa maka a kunne. Takarda ba ta da kunne."

Sai ya biyo ta kaina. Ka san ɗan fari, ba na kiran sunansa, ba na duban fuskarsa, ba ma hira. Ina niƙa ya zo ya tsaya bayana ya ce, "Inna, in na koma hannu wofi kore ni za su yi. Wanda aka kora kuwa soja ake kai shi." Ana cikin yaƙi, na ga waɗanda aka kwasa daga ƙauyenmu, ban ga dawowarsu ba. Ban juya ba. Na duƙa bisa dutsen niƙa na faɗi kalmomin kamar da tsaba nake magana, ina jin alƙalaminsa yana gudu a bayana. Ka rubuta wannan da kyau: ba sata ya yi ba, ni na ba shi.

Bayan kamar shekara, ranar kasuwar Galma, wani akawu da ya gamo wannan makarantar, mai aiki wurin kumandan, Baturen mulkin yankinmu, ya hangi maigida. Maigida yana ɗingishi a ƙafar hagu tun ƙuruciya. Akawun ya fashe da dariya ya ce, "Kai ne! Wallahi haka yake tafiya a wasan!" Ya tsaya tsakiyar kasuwa, gaban mahauta da mata masu nono, ya ɗaga hannu ya rera farkon kalmomin.

Maigida ya dawo ya zauna ƙofar ɗakina. Ya ce, "Wa ar riƙe ƙwarya shekarun ga?" Na ce, "Ni." Bai buge ni ba, bai zage ni ba, da ma ya yi. Bai sake zuwa wurin dutsen ba. Bayan girbi ya kwanta. Ranar da zai cika ya sa aka kira ƙanensa Jibo, ya ce a gabansa, "An ɗaure mini magana cikin takarda awa akuya. A ɗauko takardar a ƙone ta bisa kabarina. Kafin nan, ɗanta bai shiga gidan ga, bai tsayawa kaina." Ɗanta ya ce. Jibo ya riƙe hannunsa ya amsa.

Da na fita takaba na ɗaure kayana. Ina da zannuwan saƙi da mundaye da ƙafafuna.

A Ƙonni na fara ganin halin hanya. Wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya karɓi mundayen hannuna ya ce har Yamai. Muka hau bisa buhunan gyaɗa, mu da yawa, rana na cin kai. A Doso ya ce kowa ya sauka ya sha ruwa. Ina bakin rijiya, guga na hannuna, na ji motar ta tashi. Na bi ta da gudu ina kira, mutanen da ya ɗauka a madadinmu suna ɗaga mini hannu. Ƙunshin garina da ɗan tulun man shanuna suna ciki. Wata Bazabarma mai sayar da ƙosai ta dube ni ta yi tsaki, ban sani ba ko da ni take ko da shi, ta zuba mini ƙosai a gefen zane. Ragowar hanyar da ƙafa na yi ta, a bayan wasu fatake masu jakuna. Ban ci nasu ba sai da na daka musu.

A Yamai aka ce ba a wucewa gaba sai da takardar izini. Aka nuna mini wani mutum zaune gindin itace da ɗan teburi, da tabarau, mai fara'a. Ya kira ni Inna, ya tambayi garinmu, ya ce ai kakarsa ma 'yar Adar ce. Ya karɓi zanena mafi kyau, wanda uwata ta ba ni, ya miƙo mini takarda mai jan tambari, ya ce in ɓoye kada ta jiƙe. Na ɗaure ta a ƙugu. Da muka ƙetare kogi, gardi mai jar hula ya ce kowa ya fito da tasa. Na miƙa da hannu biyu. Ya duba, ya kira ɗan'uwansa, suka yi dariya har ɗaya ya dafa gwiwa. Takardar jikin gwangwanin kifi ce. Har da hoton kifin a kai, ni na ɗauka alamar hukuma ce. Ya manna mini ita a goshi da yawu, ya sa na tsaya haka mutane na wucewa. Daga nan aka tura ni cikin masu aikin hanya. Na yi kusan wata biyu ina ɗaukar duwatsu a kai, ana ba mu dafaffiyar dawa a tafin hannu. Wata ranar da aka zo canza gardawa na shiga cikin matan da suka kawo ruwa, na ɗauki tulun wata, na bi su na fita. A nan na yi wa kaina alkawari: duk takardar da aka ba ni, sai ido na biyu ya gani.

Ƙasar Mosi ba na jin ko ruwa da harshensu. Ƙafafuna suka tsattsage, ta dama ta ruɓe. A wani ƙauye na faɗi gindin rumbu. Wata tsohuwa mai zane a kumatu ta ja ni zuwa ɗakinta, ta wanke ƙafar da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, ta ba ni tuwo da miyar kuɓewa. Kwana tara na yi wurinta. Ita tana maganarta ina tawa. Ranar da zan tashi ta nuna kanta da aka aske, ta nuna nawa, ta kwantar da hannu bisa ƙasa. Na gane ita ma ta binne miji. Ban san sunanta ba, amma har yau ina sa ta cikin addu'a.

A zangon Wagadugu na ji Hausa, na zauna a ƙasa na yi kuka. Sai dai Hausar ba ta yi mini rana ba. Uwargidan mai zango ta ji bakina ta ce, "Ba'adara ce, ku ji yadda take magana. Ke, kina salla kuwa?" Na ce a'a. Ta ware mini ƙoƙon shan ruwa, ta ce in kwana wajen akurki. Na yi mata daka da wanki wata guda cur, kafin ta yarda in bi ayarin mijinta zuwa Bobo, daga nan Bamako. Abin da na fi kewa ba mutane ba ne, ka ji abin kunya. Furar gero ce da nonon rani, da jan tsaunin nan namu in rana ta sunkuya.

A tashar jirgin ƙasa ta Bamako ina tsugune ina tsintar gyaɗar da ta zube, na ce wa wata akuya, "Ke, tahi can." Sai na ji murya a kaina: "Wa ka cewa tahi a Bamako?" Wani tsohon soja ne mai hannu ɗaya, mai gadin tashar. Sunansa Bako, mutumin Buza. Ya baro hannunsa a ƙasar Turawa, ya ji kunyar komawa gida haka, ya auri Babambara ya zauna. Ya tambaye ni kwarurruka da rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ko har yanzu ana samun ruwa a kaza, ko itacen kaza na tsaye. Na gaya masa abin da ya fito da ni.

Ya ce, "'Yar gida, ke da ba ki san kifi da tambarin kumandan ba, za ki je ki ƙwato littafi hannun Nasara?"

Na ce, "Kai ma ka je ka ƙwato musu ƙasarsu, ga abin da ka samo."

Ya yi dariya har da tari. A soja ya koyi karatun Faransanci kaɗan. Shi ya samo mini takarda ta gaskiya, ta zuwa da dawowa sau ɗaya, ya karanta mini ita, na kai wa wani ya sake karantawa a gabansa, bai ji haushi ba. Ya sa ni a jirgi, a taragon da ake zuba awaki da talakawa.

Makarantar tana cikin daji kusa da hanyar jirgi, dogayen ɗakuna jere kamar barikin soja. A ƙofa akwai mai gadi wanda ya taɓa zama cikin Hausawa. Ya ce wa nake nema. Na ce ɗana. Ya ce kowa a nan ɗan wata ne, mene ne sunansa? Na ce dogo ne, mutumin Adar. Ya ce suna. Na ce an haife shi ana noma, sunan da ake sa wa irinsu. Ya ce shi ba boka ba ne, in faɗi ko in ba shi wuri. Malam Isufu, shekara ashirin da wani abu sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Na dubi ƙasa na ce, "Nomau." Ka rubuta, yanzu ba sauran kunyar da zan ɓoye. Karo na farko da na kira sunan ɗana, ga baƙo na kira shi, a bakin ƙofar wasu.

Ya fito cikin fararen kaya tare da abokansa. Na gan shi ta gefen ido ya tsaya cak. Zanena ya yage, kaina ba ɗankwali, ina warin awaki. Wani cikinsu ya yi masa tambaya da Faransanci ya amsa a gajarce. Daga baya mai gadi ya gaya mini abin da ya ce: wata ce daga garinmu. Ya kai ni bayan ɗakin girki wurin mata masu wanki, sannan ya durƙusa ya ce, "Inna, lafiya?"

Na juya gefe na ce wa bango, "A gaya wa mutumin, ubansa ya rasu." Na faɗa masa sauran duka, har da hannun Jibo. Ya yi kuka, ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kuka sosai. Da ya share ido ya ce, "Inna, littafin ba ya hannuna. Yana cikin kabad ɗin darekta, shi ne babban makarantar. Nawa ne ya zo na ɗaya."

Na ce, "A karɓo."

Ya ce, "Inna, ki saurara. A nan kullum ana karanta mana abin da kakannin Turawa suka rubuta, ana ce mana mu ba mu da kome, ba mu bar kome ba. Ranar da aka yi wasan nan, malamin da ke kiranmu 'yan daji ya miƙe tsaye. Baba ya tafi. In aka ƙone littafin, wa ya rage da kalmomin? Jibo bai san su ba."

Na ce wa bango, "Mai su bai ce a adana masa ba."

Ashe na iso daidai bukin ƙarshen shekara, za a sake wasan saboda manyan Turawa. Labari ya kai ga darekta cewa ga wata daga ƙauyen wasan. Ya zo da kansa, ɗan gajere mai jan wuya, yana murna. Ya zagaya ni, ya taɓa zanena da yatsa, ya sa Nomau ya tambaye ni ko haka ake riƙe ƙwarya. Ya ce a ara musu zanen, ya fi nasu kama da gaske. Matan wanki suka ba ni wani buhu na ɗaura.

Da la'asar aka yi shi, a wani fili mai dakali. Turawa a kujeru da matansu suna fifita, mu a tsaye can baya. An yi dutse da kwali an shafa masa gawayi. Aka buga ganga, kiɗan ma ba namu ba ne. Sai wani tsoho ya fito da farin gemu yana ɗingishi a ƙafar hagu, yana share maƙogwaro sau biyu kafin ya yi magana. Wallahi ban san lokacin da na durƙusa ba. Maigida ne, har yadda yake karkata kai. Nomau ne cikin gemun, yaron nan da aka ɗauke yana ƙarami, ashe duk ya kwashe ubansa a ido. Ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi shi muni ba.

Bayansa wani ƙaton ɗalibi ya fito ɗaure da zanena, ya cusa tsummoki a ƙirji, riƙe da ƙwarya. Ni ce. Ya juya baya ga dutsen, yana karkaɗa ɗuwawu, yana miƙo kunne yana leƙe, yana ƙifta wa Turawa ido. Wurin ya ɗauki dariya. Wata Baturiya har tana share hawaye. Matan wankin da ke kusa da ni suka dubi zanen, suka dubi buhun jikina, suka gane, ɗaya ta toshe baki.

Sannan Nomau ya ɗaga hannu. Maigida dutse yake fuskanta, a hankali yake faɗa, ko bunsurun da ƙyar yake ji. Shi kuwa ya juya wa dutsen baya ya fuskanci kujeru, ya faɗi kalmomin da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe, bai ɓata ko ɗaya ba. Aka yi ta tafi. Ni na toshe kunnena, ni da na fitar da su.

Washegari na je na zauna bakin ƙofar makaranta. Na ce wa mai gadi ya gaya masa ba ni tashi sai da littafin. Kwana huɗu ina nan, ɗalibai na wucewa, wasu na juya mini baya suna karkaɗa jiki. Akwai ɗaya, ban san ƙasarsa ba, da yake ajiye mini burodi ya wuce. Rana ta biyar da hantsi Nomau ya zo da littafi mai shuɗin bango, an ɗaure shi da zare, da zanena a ninke a kai. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ga shi, Inna. Na roƙo. Kada ki bari kowa ya buɗe, kin san abin da ke ciki." Kansa a sunkuye, bai dube ni ba. Da wata uwa ce da ta gane. Amma mu da ma ba ma duban juna, sai na ɗauka ladabi ne. Na ɗaure littafin a cikina kamar goyo na juyo.

Tun a jirgi alkawarin da na yi a bakin kogin Yamai yake taɓa ni. Ina cewa ai wannan ɗana ne, ba mai teburi ba. Na sauka Bamako, Bako ya tarye ni yana cewa, "Ba'adara ta ci Nasara da yaƙi!" Matarsa ta ba ni ruwa. Na kwana biyu littafin na ɗaure a cikina. Rana ta uku na same shi a inuwar tasha, na kwance littafin na ce, "Ba karantawa za ka yi ba. Ka duba layi guda ka gaya mini ko maganar dutse ce."

Ya danne shi da gwiwa ya warware zaren da haƙori. Ya buɗe. Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya je tsakiya, ya je ƙarshe. Ya rufe.

Na ce, "Mine ne?"

Ya ce, "Idona ya tsufa, 'yar gida."

Na ce, "Bako, don hannunka da ka bari can."

Ya ce, "Sunayen kogunan ƙasar Faransa ne. Da tsaunukansu. Ga zanen ma. Wanga kogin na ƙetare shi da ƙafata."

Ban yi kuka ba a lokacin, kukan ya jira ni. Na tambaye shi ko zan iya komawa. Ya ce takardata ta ƙare, kuma makarantar ta tafi hutu, ko na je ƙofa zan samu a rufe. Ya ɗaure zaren yadda yake, hannu ɗaya da haƙori, ya miƙo mini ya ce, "Ni ban buɗe ba. Ban ma iya karatu ba, kowa ya sani."

Dawowar ba zan ba ka labarinta ba, wahalar ce dai aka juyo da ita. Na iso ƙauye shekara ta zagayo har ta ɗora, ana sharar gona. Jibo ya tara dattawa a bakin kabari. Na kwance littafin na ajiye. Ya juya shi a hannu, shi ma bai san gabansa da bayansa ba. Ya ce, "Matar yaya, shi ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Dafa kabarin ki hwaɗi."

Duk tsawon hanya na yi ta tunanin wannan wurin. In na faɗi gaskiya, ɗana ba ya da gida har abada. In na yi ƙarya, mamaci na yi wa. Na dafa ƙasar, tana da zafi, na ce, "Maigida, ga takardarka na kawo." Jibo ya sa wuta. Na tsaya ina kallon kogunan Faransa suna cin wuta bisa kan mijina. Mata suka yi guɗa. Jibo ya ce magana ta ƙare, a aika wa yaro ya zo ya gai da ubansa.

Aka aika. Ya gama makaranta, aka yi ta yawo da shi garuruwa yana koyarwa, daga baya aka kawo shi Madawa. Madawa, Malam Isufu, tafiyar yini ba ta kai ba. Kowace salla yana aiko da zane da sukari. Na share masa ɗaki, na sa aka yi masa sabon jinka, ya ruɓe na sa aka sake. Sau ɗaya ya aiko da wani ɗan'uwanmu da tambaya: wai kafin a ƙone, an karanta wa Inna? Na ce a ce masa ba a karanta ba, ya zo, gida a buɗe yake. Wannan ce ƙaryata ta biyu, ita ma ba ta kawo shi ba. Ni na san abin da na ƙona, shi ya san abin da ya ba ni, kuma ba zai iya tsayawa bisa tokar nan ya ce Baba ga ni ba.

Na gan shi sau ɗaya a kasuwar Galma, daga nesa, furfura ta fara fito masa. Ya gan ni. Na sunkuyar da kai yadda na saba, ina jira in ji takunsa ya matso. Da na ɗago ya shige cikin mutane. Da na san ganin ƙarshe ne, da na yar da kunyar nan na kira sunan da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, ai na riga na kira shi ga mai gadi. Ciwon ciki ya ɗauke shi bayan 'yan shekaru. A Madawa aka binne shi. Bai taɓa tsayawa kan ubansa ba.

Jibo ya rasu yana gode mini. Bako ban sake jin labarinsa ba. Dutsen yana nan, awaki ke hawansa. Littafin gaskiya kuwa, ban sani ba ko yana cikin kabad ɗin nan har yau, maganar maigida a ɗaure cikinsa. Na kusa zuwa inda suke su biyu, shi ya sa na kira ka, don kada in isa da ƙarya a baki. Kalmomin kada ka tambaye ni, na ga alƙalaminka ya tsaya yana jira. Da ni za a binne su.

To, rufe. Gobe ka zo da wani mai karatu, wanda ba abokinka ba, ya karanta mini tun daga farko ina ji. Kada ka ji haushi, Malam Isufu. Wanda ya ba ni littafi na ƙarshe, ni na haife shi.